Surukina, Gawar Ranar Asabar

Tun da na haifi 'yata ban ƙara yarda da barcin kowa ba. In ta kwanta da rana ta yi shiru, sai na bar tukunya a wuta na je na kara yatsa a hancinta, na ji ɗumin numfashi, sannan in koma. Har mijina ina yi wa haka. Har akuyar Inna, uwar mijina, in ta miƙe a inuwa ta daɗe ba ta kaɗa kunne ba, sai na jefa mata tsakuwa. A gidanmu an mai da abin na dariya, ni kuwa ban taɓa ganin abin dariya a ciki ba. Kullum gani nake wata rana wani zai yi shiru a gabana, in ɗauka barci ne.

Ranar ta zo. Kuma ban ɗauka barci ne ba. Dalilin wannan rubutu ke nan, ku yi haƙuri da hannuna, karatuna bai yi nisa ba.

Baba, mahaifin mijina, yau kwanansa arba'in ba ɗaya a ƙasa. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Wanda ya zauna Gure a shekarun nan ya san shi, ko bai san sunansa ba. Shi ne tsohon nan da yake kwanciya a tsakar gidanmu kowace Asabar ya zama gawa, jama'a suna cin tuwo suna binciken wanda ya kashe shi.

Ranar da aka kawo shi daga asibitin Damagaram, an aika a gaya wa mutane. Mai shayin tasha da ya ji sai ya yi dariya, ya ce, "Wa kuma ya kashe shi wannan makon?" Sai da ya kalli fuskar mai gaya masa sannan ya sauke butarsa daga wuta. A wurin zaman makoki akwai wata tsohuwa da ta taso tun daga Bune, ta zauna cikinmu ta ƙi kuka. Ta ce ita sau uku tana ganin mutumin nan ya mutu, kuma duk kafin magariba yake tashi ya nemi nama, don haka a ƙyale ta tukuna. Da ladan ya kira magariba, ta ja mayafi ta rufe kanta, muka ji kukanta har ƙofar gida.

Wasu sun ce ya yi ta kiran mutuwa har ta amsa. Wasu kuma, ƙasa-ƙasa, suna nuna Gwaggo da leɓe, ƙanwar Baba, suna cewa, "Ba ita ce ta miƙe gaban jama'a ta ce ita ta kashe shi ba? Baki shi ke yanka wuya." Amma abin da aka fi faɗa mana don a kwantar mana da hankali shi ne, "Ba wanda zai iya sani. Mutum a rufe, aikinsa ke nan ya yi shiru." Duk sa'ad da na ji wannan sai in sunkuyar da kai in miƙa ruwa in wuce.

Bari in faɗi yadda abin ya fara, kamar yadda Inna, matarsa, ta ba ni labari, don lokacin ba a kawo ni gidan ba.

Baba ɗan aike ne a gidan shari'a tun yana saurayi har gashinsa ya yi fari. Bai taɓa yanke hukunci ba, amma yana bakin ƙofa yana ji. Yakan ce, "Mai gaskiya yakan manta wani abu. Maƙaryaci ne ba ya mantuwa." Da ya ajiye aiki sai zaman gida ya dame shi, ya dami Inna. Ita kuwa tana sayar da tuwo a tsakar gida, direbobi da malaman lakwal, wato makarantar boko, suna shigowa ci. Wata la'asar ya zauna kusa da masu cin, ya soma ba su labarin wani mai fataucin kanwa da aka tsinta a mace kusa da raƙuminsa, da mutum uku da aka zarga. Ya sauya sunaye, ya sauya gari. Da ya zo daidai inda za a faɗi mai laifin, sai ya kama bakinsa.

"To, wane ne, Baba?" in ji wani direba.

"Ci tuwonka. Ciki babu komai ba ya shari'a."

Suka yi ta musu, wannan ya ce matar ce, wancan ya ce abokin tafiyar ne, har suka nemi ƙarin miya ba su sani ba. Asabar ta zagayo suka dawo da abokansu. A ta uku Baba ya ce labari a baki ɗaya ba ya ƙosarwa, kowa a gidan ya tashi ya zama mutumin labarin. Ya ɗora wa ɗansa, mijina, wata tsohuwar hula ya ce shi ne jandarma mai binciken kisan. Mijina tela ne, ya ɗinka wa kansa riga mai aljihu huɗu. Inna ta zama matar mamaci, sai dai ita in ta fara kukan ƙarya dariya ke kama ta, sai ta tura fuska cikin mayafi, mutane su ga kafaɗunta na rawa su ce, "Allah sarki." Aminin Baba, wanzami ne, ya shigo, mai manta duk abin da aka koya masa ya ƙago nasa, nasan kuma ya fi daɗi. Sai Gwaggo.

Gawa ce aka rasa. Kowa ya ƙi. Wanzami ya ce shi ko da wasa ba zai kwanta 'ya'yansa su fara kallon akwatin askarsa ba. Baba ya ce, "Ni na fi ku kusa da ita, bari in riƙa leƙa ta muna sabawa." Amma sai da ya je wurin liman ya tambaya. Suka yi sharaɗi: ba farin ƙyalle, ba fuskantar gabas, kuma a tashi kafin salla. Shi ya sa da jan bargo ake rufe shi, ƙafafunsa a waje don bargon gajere ne, shi ya sa kuma muke farawa bayan la'asar. Yakan ce, "Gawar gidan nan ba ta rasa magariba."

Ga yadda ake yi. Baƙi su zauna a tabarmi su zagaye tsakar gida. Baba ya fito, yau Bulama ne mai gari, wata Asabar mai raƙuma, ya yi faɗa da kowa, ya shige bayan zana. A ji ihu. A ɗauko shi a shimfiɗe a tsakiya. Daga nan abinci sau uku yake fitowa: tuwo, sai nama, sai dabino. 'Yan wasan suna zaune cikin baƙi, ana yi musu tambaya suna ƙarya. In an ci dabino, kowa ya jefa ƙwallonsa a ƙoƙon da ke gaban wanda yake zargi. Jandarma ya warware, mai laifi ya amsa, sai gawa ta yaye bargo ta zauna ta ce, "To, wa ya cinye mini rabona?" Nan gidan yake fashewa.

Rigimarsu da Gwaggo a kan wannan ce. Gwaggo tana sayar da dabinon Gidigir a kasuwa, Allah ya yi ta da fuskar da ba ta sakewa. Baba ya sa ta zama mai kisa Asabar biyar a jere, har mata suka fara tsokanarta a kasuwa, wai a ɗanɗana dabinonta a gaban shaidu. Ta zo gida ta tsaya a kansa.

"Yaya, tun muna yara kai ke fasa tulu ni a doke ni. Har yanzu?"

"Laifina ne? Fuskar nan taki Allah ya yi ta don aikin nan."

"To, fuskar ta bar aiki."

Mako biyu ba ta taka gidan ba. Shi da kansa ya je kasuwa ya tsuguna gaban tirenta, babban mutum, ya ajiye ƙoƙo da ƙwallayen dabino, ɗaya ya ƙona shi ya yi baƙi. Ya ce daga yau kafin wasa kowa zai sa hannu ido a rufe, wanda ya ɗauko baƙin shi ne mai kisa. Ta dawo. Baƙin kuma bai daina bin hannunta ba, takan ce, "Asiri ka yi masa, na sani."

Ni da na gama wankan jego aka ba ni aikin kai abinci. Asabar ɗina ta farko na fito da tire, na kalli bargon nan, ban ga yana ɗagawa ba. Baba ya iya riƙe numfashi kamar ba na mai rai ba. Na saki tiren, miya ta watsu har kan takalmin wani malami, na ƙwalla ihu, "Ya mutu da gaske! Wallahi ya mutu da gaske!" Wanzami ya ɗaga bargon, Baba ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Ku ƙyale ni, aiki nake." Wasan ranar ya lalace. Mijina ya yi kwana uku yana amsa mini da kai. A unguwa sunana ya koma "Ya-mutu-da-gaske," har a wurin awon yara.

Washegari da hantsi Baba ya aiko in zo. Na durƙusa bakin ƙofarsa, idona a ƙasa kamar kullum. Sunan mahaifiyarsa aka sa wa 'yata, yana ce mata Uwata, ni kuma ya ce ashe ni kakarsa ce ke nan. Da haka yake samun hanyar yi mini wasa, tunda tsakanin suruki da matar ɗansa sai kunya.

"Kaka, jiya kin taso ni daga lahira ban gama gaisawa ba."

"A yi haƙuri, Baba."

"Haƙurin me? Shekara nawa ina mutuwa a gidan nan, ba wanda ya taɓa zubar da miya saboda ni." Ya gyara zama. "Tun da aka kawo ki ba ki taɓa kallon fuskata ba. Ƙafata kike gaisarwa. To, ƙafar za ta riƙa amsa miki."

Ya miƙo ƙafarsa ta dama, ya lanƙwasa babban yatsan sau biyu.

"Duk sa'ad da kika wuce da tire zan yi haka. In ya motsa, lafiya lau, ki wuce. In bai motsa ba, ki yi ihunki, ko gwamna ne a zaune. Tsakaninmu ne, kada ki gaya wa kowa, kar su ce gawa na da 'yar gida."

Shekara biyu muna haka. Na san ƙafar nan fiye da tawa: fason dunduniya, da farcen da ƙofar gidan shari'a ta taɓa murƙushewa ya fito a karkace. Wani lokaci don tsokana sai ya yi mini sau biyar, kamar mai rawa, in cije leɓe in wuce. Shi kaɗai ne a gidan bai taɓa yi wa tsorona dariya ba. Lokacin da zazzaɓi ya kama 'yata na yi kwana biyu ina tsaye a kanta, shi ya zo da tabarmarsa da rana tsaka ya ce, "Je ki kwanta, Kaka. Uwata ce, ni zan tsare numfashinta." Na kwanta kuwa na yi barci, don na san zai tsare.

Yanzu ga abin da ban faɗa ba.

Asabar ta ƙarshe baƙi ne da yawa, malamai da suka zo taro daga wasu garuruwa. Da safe kofin shayi ya suɓuce daga hannun Baba, ya ce hannu ne ya yi barci, aka wuce wurin. Mijina yana gyara hularsa ya ce mini, cikin raha, "Yau dai a taimaka, kar a maimaita mana ihun nan." Gwaggo ta sa hannu a ƙoƙo ta ɗauko baƙin, ta yi tsaki.

Na fito da tuwo. Yatsan ya motsa, amma a hankali, sau ɗaya, kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi.

Na fito da nama. Bai motsa ba. Na rage tafiya. Na yi tari. Na ga ƙafar ta kwanta gefe guda, ba yadda yake ajiye ta ba. Na tsaya cik da tire a hannu, na buɗe baki. Sai wani daga cikin baƙin ya hango ni, ya ce da ƙarfi, "Af, ko ita ce wadda aka ba mu labari? Madam, yaya, ya mutu da gaske?" Tsakar gida ta ɗauki dariya. Mijina ya juyo ya kalle ni. Na rufe bakina, na ajiye nama, na koma madafa.

Na ce wa kaina gyangyaɗi ne ya ɗauke shi. Na ce mantawa ya yi. Na ɗauki tukunyar da na riga na wanke na sake wanke ta.

Da lokacin dabino ya yi, ban bi ta wurin ƙafarsa ba. Na zagaya ta bayan baƙi, don kada in gani. Wannan shi ne abin da yake hana ni haɗiye abinci. Ba rashin sani ba ne. Ya ce in bai motsa ba in yi ihu. Shirun nan kira ne, ni kaɗai kuma aka yi wa shi, a gida cike da mutane.

Aka jefa ƙwallaye. Mijina ya warware. Gwaggo ta miƙe ta riƙe ƙugu ta ce, "Ni na kashe shi, in ya dawo ma in sake!" Aka yi tafi, aka juya ana jiran gawa ta nemi rabonta. Shiru. Aka ƙara dariya, an ɗauka sabon salo ne. Inna ta ce, "Malam, tashi mana, an kusa kiran salla." Gwaggo ce ta je ta yaye bargon. Idonsa a buɗe, bakinsa ya karkace, hawaye ya gangara har cikin kunnensa. Yana numfashi. Ranar ce na fara kallon fuskar surukina sosai.

Aka kai shi asibitin nan na Gure, suka yi abin da za su iya, suka tura mu Damagaram. Can likita ya ce ɓarin dama ne ya shanye, da harshe. Ya tambaya, "Tun yaushe ya shiga wannan hali?" Mijina ya ce ba mu sani ba, a rufe yake. Ina tsaye a bayansa da goyo. Na sani. Tsakanin tuwo da nama ne. Daga baya na tare wata ma'aikaciya a hanya na tambaye ta, da an kawo shi da wuri fa? Ta ce a irin wannan ciwo sauri yana da amfani, amma wani ana kawo shi nan take ya tafi, wani ya tashi, Allah kaɗai ya sani. Na so ta ce mini a'a. Ba ta ce ba.

Kwana na uku, Inna ta fita sallar azahar, aka bar ni da shi. Na zauna wajen ƙafafunsa, inda na saba. Na ce, "Baba, na gani. Na gani ban yi ihu ba." Na daɗe ina kallon yatsan daman, ko da yake na san ba zai ƙara motsi ba. Sai na hagu ya lanƙwashe, sau ɗaya. Ban sani ba ko yafiya ce, ko jijiya ce kawai. Ba zan yi wa mamaci ƙarya in ce na sani ba. Washegari da hantsi ya cika.

Na yi niyyar in tafi da maganar nan kabarina. Amma ina gani dabinon Gwaggo ya daina ƙarewa. Ina gani mata na janye 'ya'yansu in ta wuce. A gidanmu, a zaman makokin yayanta, na ga wata ta ƙi shan ruwa a kofin da ta sha. Ta daina fita kasuwa. Ina gani, ina miƙa ruwa, ina wucewa.

Shekaranjiya na shiga ɗakin Inna na tarar da Gwaggo ta kwance bakin zanenta, ashe baƙin ƙwallon nan ne ta ƙulle tun ranar. Tana juya shi a tafin hannu tana cewa, "Da ban ɗauko ka ba. Da ban faɗi maganar nan ba." Sai na durƙusa. Na ce a kira mijina. Na faɗa musu duka, daga yatsan har zagayen da na yi.

Inna ta ce, "Ashe shi ya sa yake hana ni saya masa dogon bargo." Mijina ya fita, ya daɗe, ya dawo ya tsaya bakin ƙofa ya ce, "Ni na ce miki kar a maimaita." Gwaggo ta dube ni da fuskar nan tata.

"Shirun ranar Asabar ban riƙe ki da shi ba," in ji ta. "Yarinya ce ke, an yi miki dariya kin ji tsoro. Kwanansa ne ya ƙare. Amma shirun kwana talatin da bakwai ɗin nan, kina kallona, wannan sai na yi tunani."

Gaskiya ta faɗa. Ban nemi ta gaggauta ba.

Jan bargon yana ninke a kan akwatin Inna. Wanzami, wanda ya rantse ba zai taɓa kwanciya ba, ya zo jiya ya ce in za a ci gaba shi zai kwanta a wurin amininsa. Inna ba ta ba shi amsa ba tukuna. Ko an ci gaba ko ba a ci gaba ba, ina so a san cewa Baba ba wasa da mutuwa ya yi ba. Mutum ne da ya ga mutane suna cin tuwo kowa kansa a ƙasa, ya kwanta a tsakiyarsu don su ɗago su yi magana da juna. Ba wasan ne ya kashe shi ba, ba kuma bakin ƙanwarsa ba. In akwai wanda ya yi sakaci, ga ni.

Gobe sadakar arba'in. Duk wanda ya taɓa cin tuwo a tsakar gidanmu, ina roƙonsa ya yi wa Baba addu'a, Allah ya haskaka kabarinsa. Sannan Gwaggo ta ce ranar kasuwa mai zuwa za ta fita, tana nan inda take, kusa da masu kanwa. Don Allah ku je ku gaishe ta, ku yi mata ta'aziyyar yayanta. Ku ɗauki dabino ɗaya daga tirenta, ku ci a gabanta.